Bashin Hatsi a Hanwa: Buhu Za a Biya Ko Kuɗi?

  

Farashin mako yana can a shafinsa, kowa ya duba. Mu yau wata magana muka zo da ita wadda ta ci mana tuwo a ƙwarya a unguwarmu ta Hanwa, har ta hana maƙwabta gaisuwar kirki, ta kuma kusa kai wasu gaban alƙali. Maganar kuwa ita ce: mutum ya ɗauki buhun hatsi bashi, kasuwa ta juya kafin ya biya, to me zai mayar, buhu ko kuɗi? Mun san abin da ya same mu ya sami wasunku, shi ya sa muka ga gara mu shimfiɗa ta a fili, har da namu laifin a ciki.

YADDA CINIKIN HANWA YAKE

Wanda bai san Hanwa ba, tana nan kan hanyar Sakkwato, kusa da gadar Kwangila inda motocin Kaduna da na Kano da na Funtuwa ke haɗuwa. A lissafin hukuma mazaɓa ce cikin Ƙaramar Hukumar Sabon Gari. Rafin Kubanni yana wucewa ta wajenmu kafin ya gangara tsakanin Sabon Gari da Tudun Wada, da rani kuma masu lambu suna aiki a bakinsa. Da can ƙauyen manoma ne. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru cikin 1962, aka kuma kafa makarantar koyon tuƙin jirgin sama cikin 1964, sai gari ya yi ta matsowa yana cinye gonaki. Aka gina gidajen Lokos, ma'aikata suka tare, ɗalibai suka kama haya. Yanzu yawancin tukwanen Hanwa ba daga rumbu ake cika su ba, daga bakin ma'auni ne.

Ba mu da babbar kasuwar hatsi irin ta Giwa. Can muke zuwa sari ran Alhamis da Lahadi, wani lokaci Makarfi ran Laraba, in kaya ya yanke mana a tsakiyar mako mu tsallaka Sabon Gari ko Tudun Wada mu ɗan cike. Kayan Giwa kan biyo ta Shika da Samaru da Palladan, a sauke mana a bakin shago. Buhu mai tiya 40 muke saya, amma da wuya mu sayar da shi a ɗinke. Sai mun farke baki, mu auna da tiya, mu auna da mudu, har da gwangwani ga wanda abin hannunsa bai kai ba.

Ku sani, unguwar masu albashi tana da nata kaka da nata bazara a kowane wata. Daga wajen 25 ga wata zuwa farkon na gaba, cinikin kuɗi hannu ne. Sauran kwanakin kuwa cinikin littafi ne. Mai tuwo ta ɗauka da safe ta biya da yamma. Mai koko da mai waina su biya ran Juma'a. Magidanci ya ce sai ƙarshen wata. Mai kiwon kaji ya ce sai ya kwashe ƙwai. Mu ma ɗin ba kullum muke biyan ɗan sari nan take ba, shi kuma dillali ne ya tsaya masa wurin mai kaya. Watau igiya ɗaya ce tun daga gonar Giwa har zuwa murhun Hanwa, in ta tsinke a wuri guda, guga ya faɗa rijiya.

Mun ga amfanin wannan littafi a farkon 2023. Babban Bankin Nijeriya ya canja takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka sa 31 ga Janairu ranar daina karɓar tsofaffi, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Tsohon kuɗi ya shiga banki, sabo bai wadata ba. Manomi ya ce shi bai san taransifa ba, kaya ya zama farashi biyu, na tsaba da na waya, naira ta koma abin saye a wurin masu POS. Sai bayan da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ran 3 ga Maris, a ƙarar da jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka fara shigarwa, sa'an nan tsofaffin takardu suka fara dawowa hannu. A waɗannan makonni gidaje da yawa a Hanwa ba su ɗora tukunya ba sai da albarkar littafin mai awo. Kuma wancan bashi bai jawo faɗa ba ko ɗaya a rumfarmu, domin kowace tiya an faɗi kuɗinta ranar da aka aune ta, an kuma biya cikin ɗan lokaci. Saboda haka ba bashi muke zagi ba. Bashin da aka ƙulla da kunya, aka bar bakinsa a buɗe, shi ne ya cije mu.

SHARI'A TA FARKO: LOKACIN DA KASUWA TA HAU

Malaman jami'o'i sun shiga yajin aiki ran 14 ga Fabrairu 2022, ba su koma ba sai 14 ga Oktoba, wata 8 cur, aka kuma riƙe albashinsu. Ɗalibai suka watse, ɗakunan haya suka zama wayam, masu abinci suka rage tukunya. Duk wanda ke riƙe da mudu daga Samaru har Hanwa ya ji wannan shekara a jikinsa.

Cikin daminar nan wani maƙwabcinmu malamin jami'a, mai iyali da yawa, wanda muka yi shekaru muna tsayawa sahu ɗaya da shi, ya zo rumfarmu bayan la'asar. Ya jira sai da mutane suka ragu, ya ce, "Alhaji, a taimaka mini da masara, in an sake mana albashi ma yi lissafi." Muka ce, "Haba Malam, ai tsakaninmu babu wannan. Kai yaro, ɗauko baro ka kai masa gida." Haka ya riƙa ɗauka a hankali har buhu 5. Kunya ta hana mu faɗin kuɗi, shi ma kunya ta hana shi tambaya. Abin da muka rubuta a littafi kalma uku ne: Malam, masara, 5. A lokacin buhu yana wajen naira dubu 22.

Yajin aiki ya ƙare, amma albashin da aka riƙe bai fito ba. Shi yana fama da wasu basussuka, mu kuma ba mu matsa ba. Kwanci tashi, ran 29 ga Mayu 2023 aka ce tallafin man fetur ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. Kuɗin mota daga Giwa ya ninka. A watan Agusta aka rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin da aka yi can, naira kuma ta yi ta zubewa. Sai a Fabrairun 2024 gwamnati ta saki albashin wata 4 daga cikin wanda ta riƙe, ana shirin azumi, buhun masara kuwa ya riga ya haura dubu 50.

Malam ya zo da fara'arsa, ya miƙo naira dubu 110, ya yi godiya, ya ce Allah ya bar zumunci. Mu kuma muka buga lissafi a zuci, muka ga wannan kuɗi buhu 2 zai saya mana, 3 sun bi ruwa. Muka ce, "Malam, ai masara ka ɗauka, masara za ka kawo." Ya ce, "Alhaji, ni a sanina saye na yi, kuɗin ranar kuma shi ke kaina." Magana ta yi tsayi, ya mai da kuɗinsa aljihu ya tafi. Muka yi wajen wata guda muna haɗuwa a masallaci, a ba juna hannu, ido na kallon wani wuri. Har kwanon da matanmu kan aika wa juna ya tsaya.

Da azumi ya yi nisa, liman ya kira mu zaurensa bayan asham. Tambaya uku ya yi. Ya ce, ranar da aka ɗauka an yanke kuɗi? Muka ce a'a. An yanke ranar biya? Muka ce sai dai "in an sake albashi". Akwai shaidu? Muka ce sai yaron da ya tura baro. Ya ce, "To ai babu ciniki a nan. Ciniki ba ya ƙulluwa sai da farashi sananne, in na bashi ne kuma sai da ajali sananne. Hatsin da ba a yi cinikinsa ba, aka kuwa cinye shi, irinsa ake mayarwa, awo da awo." Muka gyara zama, muna jin mun ci shari'a.

Sai ya juyo gare mu ya ce, "Amma Alhaji, tsakanin kai da shi wa ya san kasuwa? Kai ne bakinka ya kamata ya faɗi kuɗi, ka yi shiru, ka bar bawan Allah shekara ɗaya da rabi yana lissafin dubu 110." Ya tuna mana cewa Alƙur'ani ya hori mai bin bashi ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci, ya kuma nuna yafewa ta fi alheri. Muka ce, "Allah gafarta Malam, yadda ka gani." Aka yi sulhu a kan buhu 3, muka yafe 2. Ya sayo 2 da kuɗin nan nasa, na ukun ya kawo bayan salla. Gaisuwa ta dawo, amma ta ɗauki lokaci kafin ta yi zaƙinta na da.

SHARI'A TA BIYU: LOKACIN DA KASUWA TA FAƊI

Kowa ya san yadda 2024 ta kasance. A Fabrairu hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da rashawa ta Jihar Kano ta rufe wasu rumbunan ajiya a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. Da damina buhun masara ya haura dubu 80 a kasuwanninmu. A watan Agusta aka yi zanga-zangar tsadar rayuwa, har aka sa dokar hana fita ta sa'a 24 a Kaduna da Zariya. Kafin nan, a watan Yuli, Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar janye kuɗin fito na kwana 150 a kan masara da alkama da shinkafar da aka ɓare ba a goge ba da wake. Mun ji a rediyo, muka ce maganar gwamnati ce, muka ci gaba da abin da muke yi.

Da kakar 2024 ta zo, kowa ya ruga saye. Mu da muka tsufa a sana'ar muka cika sito. Waɗanda ba su taɓa riƙe mudu ba su ma suka shigo: ma'aikata, 'yan fansho, mata da kuɗin adashinsu, wasu har da sayar da fili. Ana sayen buhu sama da dubu 50, kowa yana jiran bazara ta maimaita abin bara. Bazara ta zo, kasuwa ta ƙi tashi. Damina ta shiga, sai ƙasa take yi. Kafin kakar 2025 ta kankama buhu ya faɗo ƙasa da dubu 40, ya ci gaba da sauka, har buhun taki ya fi buhun masara tsada. Ga kuɗin hayar sito, ga na magani, ga ƙwari, ga ramewar hatsi. Mu kanmu mun fitar da kaya da asarar da ba mu taɓa yin irinta ba tun da muka karɓi rumfa daga hannun mahaifinmu. Wanda ya hau motar kwaɗayi, an ce, tashar wulaƙanci zai sauka, mun kuwa sauka tare da jama'a da yawa.

To, akwai wani saurayi da ya tashi a gabanmu, shi ne ma yaron nan mai tura baro, ya girma ya kafa teburin awo nasa. A Janairun 2025 ya ɗauki buhu 10 a wurinmu. Wannan karon mun koyi hankali: muka yanke dubu 60 kowane buhu, biya bayan wata 3, muka rubuta, wani dillali da wani mai shago suka shaida. Yaron ya ƙi sakin kayan da wuri, shi ma yana jiran tashi. Ƙarshe ya sayar da asara, ya kawo dubu 200, saura dubu 400 suka tsaya.

Da kaka ya zo tare da kawunsa. Ya durƙusa ya ce, "Baba, ai ina nan aka yi shari'ar Malam, liman ya ce masara ake mayar da masara. Na biya kuɗin buhu 3 da ɗoriya. Bari in kawo buhu 7 mu rabu lafiya." Muka sake buga lissafi a zuci: buhu 7 a farashin ranar bai wuce rabin abin da muke bi ba sai da kaɗan. Muka ce atafau kuɗi muke so. Sai kawun, dattijo ne, ya dube mu ya ce, "Alhaji, bara ka ce buhu, bana ka ce kuɗi. Wanne ne naka?" Wallahi maganar nan ta shige mu, muka rasa ta cewa.

Aka koma zauren liman. Ya karanta takarda, ya tambayi shaidu, ya ce wa yaron, "Ɗana, naka daban, na Malam daban. Kai ciniki ka yi. Tun ranar da ka ɗauka masara ta zama taka, da ta kai dubu 100 ribar taka ce, Alhaji ba shi da ko kwabo a ciki. Da ta faɗi kuma asarar taka ce. Dubu 400 ke kanka." Ya ƙara da cewa malamanmu na Malikiyya ba su yarda wanda ya sayar da abinci bashi ya karɓi wani abinci a madadin kuɗinsa ba, don kada abin ya zama musayar abinci da abinci da jinkiri. Mu kuma ya gargaɗe mu kada mu ƙara ko sisi saboda an wuce ajali, domin wannan ita ce riba tsagwaronta wadda Allah ya haramta. Aka yi sulhu, muka yafe dubu 100, sauran dubu 300 zai riƙa kawo dubu 10 kowace Juma'a.

Ya ku 'yan'uwa, sau biyu hukunci ya faɗo wajenmu, amma ba mu fito muna alfahari ba. Sau biyun nan duka, tun kafin mu tambayi malami, aljihunmu ya riga ya ba mu fatawa. Muna tambayar kanmu, da hukuncin ya juya, da mun karɓa da hannu biyu? Ya kuwa juya wa wasu. Mun san ɗan'uwanmu ma'auni da ya ranta wa abokinsa buhu 20 ana tsakiyar tsada, da cewa a mayar masa da kaka. Aka mayar masa da buhu 20 cif, waɗanda kuɗinsu ya ragu ƙwarai, dole ya haɗiye, don rance ya ce da bakinsa. Mun kuma san wanda ya yanke farashi a 2022, aka biya shi daidai wannan kuɗi a 2024, shi ma dole ya haɗiye.

ƘOFOFI UKU

Mu ba malamai ba ne. Allo muka yi, muka sauke, muka ɗan taɓa Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure, babin ciniki kuwa yana cikinta ga mai son dubawa. Abin da muka fahimta, muka kuma ji daga bakin malamai, shi ne hatsi kan fita daga hannu zuwa hannu da jinkiri ta ƙofa uku.

Ƙofa ta farko, ciniki na ajali. An yanke kuɗi, an yanke rana, mai saye ya ɗauki kaya. Kuɗin nan shi ne bashi, ko kasuwa ta taɓa sama ko ta kwanta ƙasa.

Ƙofa ta biyu, rance. An ba ka tiya 10, tiya 10 za ka mayar, iri ɗaya, kyau ɗaya. Babu maganar farashi a ciki. Wanda ya ce ga tiya ɗaya da bazara, a kawo masa ɗaya da rabi da kaka, ya ci haram, ko da me ya kira abin. Haka nan ba a sayar da gero a karɓi dawa bayan wata biyu. In musayar gero da dawa za a yi, sai hannu da hannu.

Ƙofa ta uku, ita ce malamai ke kira salam: ka ba manomi kuɗi yanzu, ya kawo hatsi da kaka. Sharaɗinta a biya kuɗin tun farko, a faɗi irin hatsin, a faɗi awo, a faɗi lokaci, kada kuma a ɗaure shi da gona guda, don gona tana iya ƙin yi. Ba-da-kaka da muke yi da manoman wajen Giwa da Shika, wani yana shiga wannan ƙofa, wani kuwa ta katanga yake haurawa. Ko wanda ya cika sharaɗi ma, a ji tsoron Allah wajen farashi. Manomin da ya zo maka a watan Yuni ba shi da kuɗin taki, ba ciniki ya zo yi da ƙarfinsa ba. In ka matse shi bana, baɗi ba zai noma abin da za ka saya ba.

Duk rigimar da muka gani a Hanwa, tushenta ɗaya: an shiga ba a faɗi ƙofar da aka bi ba, sai ranar fita kowa ya nuna wadda ta fi masa sauƙi. A zamanin iyayenmu abin bai cika tsanani haka ba. Ko da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo a Janairun 1973, fam ɗaya naira 2 ne, sule kwabo 10, kowa ya juya bashinsa babu gardama. Yanzu kuwa da buhu kan ninka cikin shekara guda, ya kuma rabe biyu a ta gaba, kalmar da aka bari a ciki tana iya cin jarin mutum.

ABIN DA MUKE ROƘO

Na farko, a faɗi kalmar tun kaya bai bar rumfa ba. "Saye ne ko rance?" Tambayar ba ta da nauyi a baki, kunyar minti ɗaya ce. Mun gwada ɗayar hanyar, ta ci mana buhu 2 da wata guda na gaba da maƙwabci.

Na biyu, a rubuta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, can ƙarshen Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ba ta ware ƙaramin bashi ba. Abu huɗu za a sa: irin kaya, awo, kuɗi in ciniki ne, da ranar biya. Da ajami ko da boko, duk wanda mutum ya iya. Shaidu biyu su sa hannu, mai ɗauka ya ɗauki hoton shafin a wayarsa. "In an yi albashi" ba rana ba ce, "in na sayar" ba rana ba ce.

Na uku, a faɗi awo, kada a tsaya ga cewa buhu. Dukanmu mun san akwai buhun da aka sake ɗurawa wanda ba ya kai tiya 40, akwai kuma tiyar da aka bubbuge gindinta. Da kwanon da aka auna maka, da shi za ka mayar, tozo da tozo. Sura guda aka saukar a kan masu tauye awo, labarin mutanen Annabi Shu'aibu kuma yaran makarantar allo ma sun san shi.

Na huɗu, taransifa ba takardar bashi ba ce. Tana nuna kuɗi ya shiga, ba ta nuna na mene ne, ko saura nawa. Duk biyan da ya shigo ta waya a sauke shi a littafi a ranar, a gaban mai biya in da hali.

Na biyar, ku dillalai, da ku muke. La'adar da kuke karɓa ba ta haɗa mai kaya da mai saye kaɗai ba ce, har da riƙe abin da aka faɗa. In an ce "na sallama", ku maimaita da ƙarfi: buhu nawa, a kan nawa, zuwa yaushe. Dillalin da muka sa shaida a cinikin yaron nan, maganarsa guda ta kashe gardamar da za ta iya kai mu kotu.

Na shida, kada asarar da muka yi ta sa mu rufe wa ƙananan masu saye littafi. Da sito ya karya mu, ba manyan masu saye ne suka ɗaga mu ba. Mai tuwo ce, da mai koko, da tsohuwar da kan zo da gwangwaninta kullum ta ce, "Ɗan nan, a yi mini gyara." Kuɗinsu kaɗan ne, amma kullum yana juyawa, da shi muka koma Giwa.

Na bakwai, mu tuna da mutuwa. Da Allah ya ɗauki ranmu kafin Fabrairun 2024, me magada za su karanta a "Malam, masara, 5"? Wane Malam ne a unguwar da ko'ina malamai ne? Buhu 5 ko tiya 5? Ko dai haƙƙin marayu ya salwanta, ko a kama wanda bai ci ba. Kowa ya sami babban ɗansa ko amintaccen yaronsa ya nuna masa littafi, wanda muke bi da wanda ke bin mu.

Mun san wani zai ce unguwa ba banki ba ce, maƙwabci kuma ba a yi masa takarda. Mu ma haka muka ce a 2022. Yanzu littafinmu yana da layi huɗu a kowane shafi, Malam kansa in ya zo ɗaukar kaya shi ke cewa, "Alhaji, rubuta mu gani," mu yi dariya, mu rubuta.

Wanda ke da irin wannan shari'a a kasuwarsa, ko malamin da ya ga mun yi kuskure a abin da muka faɗa, ya aiko wa wannan takarda a gyara mana, za mu karɓa da godiya. Allah ya ja zamanin Sarkin Zazzau Malam Ahmad Nuhu Bamalli, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Allah ya ba manoma damina mai albarka da farashin da zai mai da musu guminsu, ya ba talaka abin da zai iya saya, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri. Allah ya biya wa masu bashi, ya sa mu cika ba da haƙƙin kowa a wuyanmu ba. Amin.

Haza wasalam.

Daga wani ma'aunin hatsi, Hanwa, Zariya.